Dacewar Na'urorin Wi-Fi da Tsarin Aika Lantarki ta Wayar Ethernet

1.0 Gabatarwa

Duk da cewa ana kiran Wi-Fi sadarwa marar waya, na'urar da ke watsa shi ba ta rabuwa da waya. Tana bukatar wayar da za ta kawo mata bayanai, tana kuma bukatar wutar lantarki. Da yake galibi akan kafa ta ne a jikin silin ko bisa dogon ƙarfe a saman gini, inda babu soket, sai masana suka samar da dabarar aika wutar ta cikin wayar bayanan kanta, wato wayar Ethernet. Wannan dabara ita aka fi sani da PoE.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa shigar kan waya cikin rami ba shi ne dacewa ba. Ramin iri ɗaya ne a dukkan na'urorin, amma wutar da ke bayansa ta bambanta, kuma rashin sanin haka kan jawo asarar na'ura mai tsada cikin ƙiftawar ido. Domin sauƙin bayani, za a kira na'urar da ke fitar da wuta "mai bayarwa", wadda ke amfani da wutar kuwa "mai karɓa".

2.0 Tsari Mai Sallama

Kamfanin Cisco ya fara aika wuta ta wannan hanya a shekarar 2000 domin tarhon ofis, amma da tsari nasa na kansa. Sai a 2003 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'ida ta bai-ɗaya mai lamba 802.3af, wadda ta ba mai bayarwa damar fitar da wat 15.4, mai karɓa kuma ya sami wat 12.95. A 2009 aka sami 802.3at, wadda ta kai wat 30 a tushe da 25.5 a ƙarshen waya. Ta uku, 802.3bt ta 2018, ta kai har wat 90 a tushe da 71.3 a ƙarshe.

Abin da ya haɗa ƙa'idojin uku shi ne mai bayarwa ba ya sakin wuta sai ya yi sallama an amsa. Da an jona waya, yakan fara aika ɗan ƙaramin ƙarfi, bolt 10 ko ƙasa da haka, yana neman wata alama, wato turjiya ta kimanin om 25,000 da aka gina a cikin mai karɓa. Idan bai same ta ba, kamar a ce kwamfuta ce aka jona, sai ya riƙe wutarsa, bayanai kaɗai su wuce. Idan ya same ta, sai ya sake gwaji na biyu domin sanin ajin mai karɓa, wato yawan wutar da zai ci, sannan ya saki cikakken ƙarfi, tsakanin bolt 44 da 57. Saboda wannan sallama ce sabon mai bayarwa ke iya ciyar da tsohon mai karɓa ba tare da wata illa ba.

Akasin haka ne ke da ruɗani. Na'urorin Wi-Fi 6 da dama sun fi ƙarfin wat 12.95. Idan aka jona irinsu da mai bayarwa na 802.3af, wasu ba za su tashi ba, wasu kuwa za su tashi su rage aiki: su kashe ramin USB, ko su rage ƙarfin watsawa. Ga fitila tana ci, ga sadarwa tana jan ƙafa, sai a ɗora wa kamfanin intanet laifin da ba nasa ba.

3.0 Tsari Marar Sallama

A nan ne matsalar take. Akwai wani tsari da ba ya bin ƙa'idar IEEE, wanda da zarar an kunna mai bayarwa sai wuta ta hau waya, ko mene ne a ɗaya ƙarshen. Na'urorin haɗa gini da gini, irin su NanoStation na Ubiquiti da wasu na MikroTik, sun daɗe suna aiki da shi, mafi yawa a kan bolt 24. Ba don sakaci aka yi shi ba. Yana da araha, sannan batir biyu masu bolt 12 da aka jera sun isa su ciyar da shi, abin da ya sa masu kafa na'urori a kan wutar sola, a ƙasashe irin namu da lantarki ba ya tsayawa, suke ƙaunarsa.

Wayar Ethernet tana da silin waya takwas. Wannan tsari yakan ɗora wuta a kan sili na 4 da na 5, ta dawo ta na 7 da na 8. To amma da yake babu ƙa'idar da ta ɗaure kowa, na'urorin Canopy na Motorola sun juya wannan jeri, suna kuma aiki da kimanin bolt 30. Ke nan ko a cikin gida ɗaya ba a jituwa.

Idan aka cakuɗa tsarin biyu, sakamakon ya danganta da wanda ke bayarwa. Mai bayarwa mai sallama ba zai ga alamarsa a na'urar bolt 24 ba, don haka ba zai ba ta komai ba. Na'urar lafiyarta lau, sai dai a zaci ta mutu. Haka nan bolt 24 ba zai tayar da na'urar 802.3af ba, domin ita tana bukatar aƙalla bolt 37. Waɗannan ɓata lokaci ne kawai. Haɗari na gaske shi ne a ɗauki mai bayarwa marar sallama na bolt 48 a jona shi da na'urar bolt 24. Babu abin da zai tsaya tsakaninsu, kuma sau da yawa na'urar takan ƙone. Ga shi kuwa akwatunan cusa wutar, na 24 da na 48, kamanninsu ɗaya, sai an karanta ɗan rubutun da ke bayansu. A ra'ayin marubucin, duk inda aka tara irin waɗannan akwatuna, kamar ɗakin na'urori na jami'a, wajibi ne a rubuta ƙarfin kowanne a jikinsa da manyan lambobi.

Akwai mafita ga wanda ya riga ya mallaki nau'o'in biyu. Ana sayar da wata 'yar na'ura da ake sawa a tsakani, ta amsa sallamar mai bayarwa, ta karɓi bolt 48, ta sauke shi zuwa 24.

4.0 Waya da Kasafin Wuta

Ko an sami dacewar tsari, waya na iya warware ta. Bambancin da ke tsakanin wat 15.4 da 12.95, wato wat 2.45, shi ne abin da ƙa'ida ta ware wa asara a cikin waya mai tsawon mita 100. Wannan lissafi na wayar tagulla ce zalla. Wayar alminiyum da aka lulluɓe da tagulla, wadda ta yawaita a kasuwa saboda araharta, ta fi turjiya, don haka ta fi cin wuta a hanya. Abin ya fi muni a bolt 24, domin na'ura mai cin wat 12 za ta ja ninki biyu na kwararar wutar da za ta ja a bolt 48, asarar cikin waya kuwa ta ninka huɗu. Wannan ne ya sa na'ura kan yi aiki daidai a kan tebur da gajeriyar waya, amma da an hau da ita sama sai ta riƙa mutuwa tana farfaɗowa.

Bugu da ƙari, tsofaffin akwatunan cusa wuta sukan keɓe sili huɗu ga wuta kawai, alhali layin gigabit yana bukatar dukkan takwas ɗin domin bayanai. Irin wannan akwati zai mayar da layin zuwa megabit 100.

Sai kuma na'urar rarraba layi mai ramuka da yawa, wadda ke da jimlar wutar da ba ta wucewa. Alal misali, idan tana da ramuka 8, kowanne na iya ba da wat 30, amma jimlarta wat 120 ce, to na'urori huɗu kaɗai za ta ciyar da cikakken ƙarfi. Ta biyar za ta zauna babu wuta, ko kuma a kashe wata a ba ta, gwargwadon fifikon da aka tsara wa ramukan.