Abin da ya sa Firefox ta fi dacewa da mai lissafin data a Zamfara

Kusan duk wayar Tecno, Infinix ko itel da aka saya a shagunan Gusau da Chrome take zuwa, kuma yawancin mutane ba sa tunanin canza ta. Sai dai tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, burauzar da mutum ke shiga intanet da ita ta zama maganar aljihu.

Shafukan labarai da na ƙwallo ba rubutu kaɗai suke sauke wa waya ba. Akwai tallace-tallace, da bidiyon da ke kunna kansa, da wasu ɓoyayyun lambobi masu bibiyar inda mutum ya shiga, kuma duk daga datarsa ake cira. Ga ɗalibin kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe da ke neman darasi, ko mai POS a Bungudu da sabis ke yi wa wasa, wannan nauyi ne ke sa shafi ya yi ta juyawa bai buɗe ba.

Maganin abin shi ne ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauza domin ƙara mata aiki, waɗanda masu harkar ke kira ekstenshan. Fitacciya a cikinsu ita ce uBlock Origin, wadda Raymond Hill ya fitar a 2014, kuma kyauta ce. Aikinta tare talla tun kafin ya sauko, don haka datar ba ta ƙonewa.

A nan ne Chrome ta gaza. Ta wayar Android ba ta karɓar ekstenshan ko ɗaya, kuma a 2022 Google ya cire mata tsarin rage cin data. A kwamfuta ma, sabuwar ƙa'idar kamfanin mai suna Manifest V3 ta sa an fara kashe cikakkiyar uBlock Origin tun ƙarshen 2024, sai wata 'yar ƙarama da ba ta kai ta ƙarfi ba. Ba abin mamaki ba ne, tunda mafi yawan kuɗin shigar Google daga talla yake fitowa.

Firefox kuwa ta Mozilla ce, kuma injinta daban ne da na Chrome, wanda Edge da Opera da Brave suka hau kai. A Disamban 2023 ta buɗe wa masu Android ƙofar ekstenshan ɗaruruwa. Ban da uBlock Origin, akwai Dark Reader da ke mayar da farin shafi baƙi, abin da ke sassauta wa ido da dare, ya kuma rage cin caji a waya mai allon AMOLED.

Amma a yi hattara. Ekstenshan na iya ganin abin da mutum ke rubutawa a shafi, har da lambar sirrin banki. Saboda haka kada a sauke sai daga rumbun Mozilla, a kuma tsaya kan ɗaya ko biyu da aka sani, domin yawansu na nauyaya ƙaramar waya.

Haka nan wasu shafukan rajista da biyan kuɗin makaranta da Chrome aka gwada su. Idan irinsu suka ƙi aiki, a kashe mai tare tallan a wannan shafin, ko a koma Chrome a gama. Sauran yawon yau da kullum kuma a bar wa Firefox.