Gwaji a Fagen Zaɓe: Me Ke Fito da Mutum Ya Jefa Ƙuri'a?

Duk ɗalibin da ya taɓa shuka wake a gwangwani biyu, ya zuba wa ɗaya taki ya hana ɗayan, ya san ginshiƙin binciken kimiyya. Sai an sami abin kwatantawa kafin a ce wannan ne ya haddasa wancan. Tambayar ita ce, shin ana iya bin wannan hanya wajen nazarin halayyar mutane a lokacin zaɓe? Wasu malamai biyu a Amurka sun shafe shekaru suna amsa ta.

Matsalar da masana kimiyyar siyasa suka daɗe suna fuskanta ita ce, 'yan takara sun fi kai ziyara ga mutanen da dama can suke fita zaɓe. Saboda haka idan an ga waɗanda aka ziyarta sun fita da yawa, ba za a iya cewa ziyarar ce ta fito da su ba. Maganin wannan ruɗani ya samo asali ne daga gona. A shekarun 1920, Ronald Fisher, wanda ke aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, ya nuna cewa a bar wa ƙuri'a ta raba filayen gwaji, don kada son ran mai bincike ya shiga.

A 1998, Alan Gerber da Donald Green na Jami'ar Yale suka ɗauki wannan dabara zuwa garin New Haven. Sun kasa masu rajista kusan 30,000 ta hanyar ƙuri'a. Wasu an je musu har ƙofar gida, wasu an aika musu da wasiƙa, wasu an buga musu waya, saura kuma an ƙyale su. Bayan zaɓe sai suka duba kundin hukuma, domin a Amurka ana iya sanin wanda ya fita, ko da yake ba a sanin wanda ya zaɓa.

Sakamakon da suka buga a 2000 ya girgiza 'yan siyasa. A cikin kowane mutum 100 da aka yi magana da su ido da ido, an sami ƙarin kimanin mutum 8 da suka fita. Wasiƙa kuwa tasirinta kaɗan ne, kiran waya kuma bai tsinana komai ba, alhali ana kashe maƙudan kuɗi a kansa.

A 2006 kuma, tare da Christopher Larimer, suka gwada wani abu a jihar Michigan. An aika wa wasu gidaje takarda mai nuna sunayensu da na maƙwabtansu, da wanda ya yi zaɓe a baya da wanda bai yi ba. A gidajen da ba a aika wa komai ba, kashi 29.7 cikin 100 ne suka fita, amma a waɗanda suka sami wannan takarda sai adadin ya kai kashi 37.8. Wato kunyar idon maƙwabci ta fi nasiha ƙarfi. Sai dai wannan ya tayar da muhawara: shin ya dace a kunyata mutum don ya sauke nauyin da ke kansa?

Wannan aiki yana da muhimmanci, domin shugabanni sun fi sauraren masu jefa ƙuri'a, kuma wanda ya zauna a gida, a bayansa ake raba makarantu da asibitoci. Ga ɗalibi mai sha'awar wannan fage, ya sani cewa lissafi da ilimin ƙididdiga su ne jarinsa. Ga malami kuwa, darasin gwangwanin wake yana da amfani har a wajen ɗakin gwaji.