NAMAN SA KO BUROKOLI: WANE NE YA FI GINA JIKIN 'YA MACE?

  

A wannan fitowa ina so mu ɗan ajiye hirar lalle da ɗinki a gefe mu leƙa cikin tukunya, domin kuwa kyawun da ake gani a fuska daga ciki yake farawa. Akwai wata magana da take ta yawo a wayoyin hannu, wai wani ganyen Turawa mai suna burokoli ya fi naman sa gina jiki, har wasu masu son rage ƙiba suna cewa su da nama haihata haihata. A ɗaya gefen kuma ga masu cewa ganye ai abincin awaki ne, in dai ba tsoka a miya to ba su ba ci. Ni kuwa na ce bari mu ɗora su biyun a sikeli mu gani da idonmu.

WANE NE BUROKOLI?

Ga wadda ba ta taɓa ganinsa ba, kore ne shar, kansa cunkus kamar wata 'yar ƙaramar bishiya. Ɗan uwan kabeji ne na jini, kuma asalinsa daga ƙasar Italiya. Sanyi yake so, shi ya sa a nan Nijeriya aka fi noma shi a Jos, daga can ake kai shi manyan kantuna na birane. Ko a ƙasar Turawan ma ba kowa ke ƙaunarsa ba. A shekarar 1990 Shugaban Amurka na lokacin, George Bush babba, ya fito fili ya ce shi fa ba ya son burokoli tun yana yaro, kuma ya daina ci. Ai kuwa sai manoman jihar Kalifoniya suka yi masa lodi guda suka aika har fadarsa!

INDA NAMA YA YI ZARRA

Mu ɗauki giram 100 na kowanne. A nama, wannan bai wuce faɗin tafin hannunki ba. Bisa lissafin Ma'aikatar Noma ta Amurka, dafaffen naman sa giram 100 yana da furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka da fata da gashi, kusan giram 26. Burokoli kuwa bai cika giram 3 ba. Budurwa tana buƙatar kimanin giram 46 a rana, kin ga tsoka ɗaya mai kyau ta biya miki fiye da rabi. In kuwa da burokoli kike son samun abin da ke cikin wannan tsokar, sai kin cinye kusan kilo guda. Haba 'yar uwa, wane ciki ne zai ɗauka?

To daga ina waccan magana ta samo asali? Dabara ce ta lissafi. Masu yaɗa ta ba da nauyi suke aunawa ba, da kalori suke yi, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Burokoli giram 100 kalori 34 kacal gare shi domin yawancinsa ruwa ne, nama kuwa yakan kai 250. Idan aka auna kalori 100 na kowanne, sai a ga furotin ɗinsu ya kusa zuwa ɗaya. Abin da ba a faɗa miki shi ne, kalori 100 na nama 'yar tsoka ce ta giram 40, na burokoli kuwa faranti ne cike fal, kusan giram 300.

Haka zalika akwai bitamin B12 mai taimakon jini da jijiyoyi. Tafin hannu ɗaya na nama ya ishe ki na yini guda, amma a burokoli babu shi ko ƙyas. A nama da kifi da ƙwai da nono ake samunsa.

INDA GANYE YA RAMA

Kada masu son nama su yi saurin guɗa. Ɗanyen burokoli giram 100 yana da bitamin C kusan miligiram 89, ya fi lemon zaƙi mai kimanin 53, alhali mace na buƙatar 75 ne a rana. Dafaffen nama ba shi da shi. Sannan burokoli yana da faiba, wato wannan dusa-dusar da ke cikin ganye da hatsi wadda take sa bayan gida ya zo da sauƙi, nama kuwa babu. Ke da kike fama da taurin bayan gida, ki duba farantinki tukuna. Akwai kuma folet, sinadarin da jariri ke buƙata tun makonni huɗun farko na ciki domin ƙwaƙwalwarsa da lakarsa su haɗu daidai, lokacin da sau da yawa uwar ba ta ma san ta samu ba.

Ban da haka, nama in ya yi yawa yana da nasa sharrin. Kitsensa yana iya cutar da zuciya. A shekarar 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa naman da aka sarrafa don ajiya, irin su na gwangwani da sosej, yana jawo sankarar hanji, jan nama kuma mai yiwuwa ne yana jawo ta. Shi ya sa masana ke ba da shawarar kada jan nama ya wuce giram 500 dafaffe a mako.

MAGANAR JINI

Nan ne fa inda gizo ke saƙa. Kowane wata 'ya mace tana zubar da jinin al'ada, tare da shi kuma sinadarin ayon yake fita, wanda da shi jiki ke haɗa jini. Budurwa 'yar shekara 14 zuwa 18 tana buƙatar miligiram 15 a rana, babbar mace 18, mai ciki 27, namiji babba kuwa 8 kawai. Amma dan Allah ku duba gidajenmu, wa ake tsame wa manyan tsokoki? Maigida da samarin gida. Ita yarinyar da ta fi su buƙata sai romo da ƙashi.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Kai jama'a! Fiye da rabinmu ke nan. Alamunsa su ne yawan gajiya, jiri, bugun zuciya in an ɗan yi tafiya, cikin ido da tafin hannu su yi fari, a aji kuma malami na bayani hankali ya ƙi tsayawa. Wata har kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara take yi. In aka shiga ɗakin aure da shi aka samu ciki, to haihuwa takan zo da haɗari ga uwa da ɗa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, jinin da za ki haihu da shi tun yanzu ake tara shi.

Nama giram 100 yana da ayon kusan miligiram biyu da rabi, burokoli bai kai ɗaya ba, kuma jiki ya fi saurin zuƙar na nama. Amma ga wata hikima ta Ubangiji: bitamin C yana taimaka wa hanji ya zuƙi ayon ɗin da ke cikin ganye da wake da hatsi, 'yar tsoka a cikin miya ma tana yin wannan aikin. Ashe su biyun abokan tafiya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

IN BA KI DA HALIN BUROKOLI FA?

Kada ki damu ko kaɗan. Zogalen da ke bayan ɗakinku ya fi burokoli furotin da ayon nesa ba kusa ba, alayyahu ma ya fi shi ayon da sinadarin ƙarfafa ƙashi. Gwaiba ta ninka shi bitamin C fiye da sau biyu. Ranar da nama ya gagara kuma, ga wake, ga ƙwai, ga kifi, ga ƙuli-ƙuli. Sai dai ki kiyaye waɗannan:

1. Kada ki bar ganye a wuta har ya yi baƙi. Zafi da yawan ruwa suna lalata bitamin C, 'yan mintuna kaɗan sun isa.

2. Ki rage kanwa a miyar ganye, tana sa shi laushi amma tana kashe bitamin ɗinsa.

3. Ki matsa lemon tsami a kwaɗon zogale, ki yanka tumatir da tattasai a kan wake.

4. Kada ki kora abinci da shayi, domin yana hana jiki zuƙar ayon. Ki ba da tazarar awa guda.

5. Ki yanke kitsen nama kafin ki dafa.

In kuma kina jin alamun da na lissafa, ki gaya wa Umma ko Yaya a kai ki asibiti a auna jininki. Ba abinci kaɗai ke kawo shi ba, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila duk suna jawo shi, don haka kada ki sayi maganin ƙarin jini da kanki.

To 'yan uwa, hukuncina dai shi ne: a fagen furotin da ayon da B12 nama ne sarki, a fagen bitamin C da faiba ganye ne sarki, 'ya mace mai wayo kuwa ita ce mai haɗa su a tukunya ɗaya. Iyayenmu mata, in an zo rabon nama a tuna da 'yan mata. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.