Ƙafar Keke Ba Duka Ɗaya Ba Ce

Tun da kekunan gwanjo suka cika kasuwanninmu, ɗalibai da yawa sun bar irin keken Raleigh na iyayenmu, sun koma wa keken tsere mai siririyar taya, ko keken hawan dutse mai kaurin taya, wanda aka soma yin sa a Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970. Nufina a nan in bayyana kayan ƙafar da ke shiga tsakanin biyun nan, don kada ɗayanmu ya kai kuɗin mahaifinsa kasuwa ya komo da abin da ba ya ɗauruwa.

Babban abin da ke ruɗin mutane shi ne lambar inci da ke jikin taya. Ni ban yarda da ita ba, domin awon bayan taya ne, har da kaurinta. Lambar gaskiya ita ce ta milimita, misali 25-622. Ta farkon faɗin taya ce, ta biyun kuwa girman rim. Rim ɗin keken tsere 622 ne. Na keken dutse mai inci 26 kuwa 559 ne, saboda haka ko kusa ba su haɗuwa. Amma wanda ake kira inci 29, shi ma 622 ne, watau daidai da na tsere. Abin dariya, keken iyayenmu mai inci 28 rim ɗinsa 635 ne. Ashe 28 ta fi 29 girma!

To, ko da lambar ta zo ɗaya, da sauran magana. Taya mai kauri ba ta samun wurin juyawa a firam ɗin keken tsere. Siririya kuma in an ɗora ta a kan rim mai faɗi ba ta zama daidai, tana iya fita ko ta fashe mutum yana tsakiyar gangara.

Sai hob, abin da ke tsakiyar ƙafa. Na gaba milimita 100 ne a yawancin tsofaffin kekunan nan. Na baya shi ne matsala: 130 a keken tsere, 135 a na dutse, sababbin ma tun 2015 sun kai 148. Milimita biyar ba wani abu ba ne a ido. Firam na ƙarfe mai gyara yana iya buɗa shi kaɗan, amma na alminiyum tsagewa yake yi, kada a bari a gwada.

A duba birki kuma. Rim ɗin da aka yi don birkin faifai ba shi da gefen da robar birki za ta kama. Bawul ma iri biyu ne: siririn yana shiga ramin mai kauri, mai kaurin ba ya shiga na siriri. Wasu masu gyara sukan ƙara huda ramin, amma a siririn rim wannan raunana shi yake yi.