Gargaɗi ga Hausawan Head Bridge: Kada Wanda Aka Kama Ya Kwana Ba a Bi Sawunsa Ba

Wannan kira ne ga duk mai ɗa, ko ƙane, ko yaron shago da ke neman abinci a Head Bridge ta Anacha, ko New Artisan a Enugu, ko Diobu a Fatakwal. Ba tashin hankali nake nema ba. A dai farka. Baƙon da ya shiga hannun hukuma a can, sau da yawa ba girman laifi ke daɗar da shi a tsare ba. Rashin mai bin sawu ne.

Daren farko shi ne abin tsoro. An yi sata a kasuwa, ko an kai wa jami'an tsaro hari, sai a fito samame. Mai kwana a rumfa ko ƙarƙashin tirela shi ne a kusa da hannu: ɗan dako, mai gadi, mai shayi, yaron motar da ya sauke albasa yana jiran lodi. Ba katin shaida a aljihunsa. An karɓe wayarsa. Mahaifiyarsa tana can ƙauye a ƙasar Sakkwato, tana zaton yana kan hanya. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a kusa, ko kwana biyu in da nisa. Amma doka ba ta zuwa caji ofis da ƙafarta. Sai wani ya je ya tsaya, ya ambaci sunan yaron, ya tabbatar an rubuta shi a littafi.

Ga kuma matsalar harshe. Yaro ba ya jin Turanci, ba ya jin Ibo, burokarsa ta ciniki ce kawai. A rubuta bayani a gabansa, a ce ya dangwala yatsa. Ya dangwala don a daina dukansa. Takardar nan ita za ta tsaya a kansa a kotu. Alhali tsarin mulki ya ce a sanar da shi dalilin kama shi cikin harshen da yake fahimta, ya kuma ba shi tafinta kyauta a gaban alƙali. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga mai azabtar da wanda ke hannunsa. Kada wani ya ɗauki duka a sel wasa ne a Anambra. A Janairun 2013 an wayi gari da gawarwaki a kan kogin Ezu, a Amansea, garin da 'yan'uwanmu ke da kasuwar shanu. Ƙungiyoyin kare haƙƙi sun zargi ofishin rundunar 'yan sanda ta SARS da ke Awkuzu, 'yan sanda suka musanta. An soke SARS a Oktoban 2020, amma ni ban yarda soke suna yana soke hali ba.

Inda mutum ke ɓacewa gaba ɗaya shi ne jiran shari'a. A gurfanar da shi gaban majistare da tuhumar fashi ko kisa, wadda majistaren ba shi da hurumin saurara. A tura shi gidan yari, a ce ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Fayil ya kwanta. A canja wa ɗan sandan da ke bincike wurin aiki. Ranar zama ta faɗo Litinin, ranar zaman gida da aka ƙaƙaba wa Kudu maso Gabas a Agustan 2021, sai a ɗaga. Wata rana kuma a ce babu motar da za ta kai fursunoni kotu. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ƙayyade kwana 14 ga umarnin tsarewa na farko, jihohin nan ma suna da irin dokar. To wa zai tuna wa kotu in ba lauya? Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba. Wanda aka bari wata guda, ana iya barinsa shekara biyar.

A ciki kuwa cunkoso ne da cuta. Gidan yarin Fatakwal an gina shi a 1918 don mutum 804, amma ya taɓa ɗaukar fiye da 4,000. A irin wannan ɗaki tarin fuka da ƙazuwa ba sa tambayar wanda ya yi laifi da wanda bai yi ba. Ga yunwa. A Disamban 2023 shugaban hukumar gidajen gyaran hali ya shaida wa majalisar dattawa cewa naira 750 ake ware wa fursuna a rana, karen hukumar kuwa naira 800. Daga baya an ɗaga zuwa naira 1,125, kowa kuma ya san abin da wannan kuɗi ke saye a kasuwa yau. Ɗan gari danginsa za su kawo masa abinci da magani. Namu danginsa suna bayan tafiyar yini da kwana.

Akwai kuma laifinmu, kuma dole a faɗe shi. Wasu iyaye kunya ke sa su ɓoye cewa an kama ɗansu, su tsaya ga "Allah ya fito da shi". Addu'a wajibi ce, amma ba ta hana zuwa ofis. Wasu 'yan kasuwarmu kuma su ne ke biyan 'yan sanda a kulle musu yaro a kan bashi, ko a kama ƙane a madadin wa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta duka biyun. Wanda ya yi murna don an lakaɗa wa ɗan wata ƙabila duka a sel, ya sani sel ɗin ɗaya ne, gobe yaronsa za a jefa.

Saboda haka, ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, da shugabannin kasuwa, da malamanmu limamai, aikin na wannan makon ne. A buɗe littafi a kowane zango: sunan yaro, garinsu, lambar wayar danginsa. In an kama mutum, a je ofis a ranar, kada a jira asuba. A koya wa yara kada su dangwala wa takardar da ba a fassara musu ba. A sanar da Legal Aid Council da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ba sa karɓar kuɗi. A kafa asusun lauya da biyan tara. A Nuwamban 2023 an saki fursunoni 4,068 bayan an biya musu tarar naira miliyan 585, wato akasarinsu rashin ɗan abin biya ne ya zaunar da su. Sannan a tura wakilai gidajen yarin Anacha da Enugu da Fatakwal, su nemi sunan duk ɗan Arewa da ba a taɓa kawo wa ziyara ba.