Gidan Gado da Sabon Gini

Duk wanda ya daɗe rabonsa da gidan da ya tashi, ranar da ya koma sai ya tarar tsakar gidan da yake gani kamar filin ƙwallo ashe taku kaɗan ce, katangar da ta gagare shi hawa kuma iyakarta kafaɗa. A zuciyarsa ne gidan ya yi ta girma.

Haka mutum ke ji idan ya sake kunna wasan Final Fantasy VII na 1997, wanda kamfanin Square na Japan ya fitar a PlayStation kan faifai uku. Idan jaruman wasan, Cloud da Tifa da Barret, suna yawo a gari, hannuwansu ko yatsu babu. Ba su da murya, maganarsu rubutu ce a shuɗin akwati. Yaran lokacin su suka cike giɓin da tunaninsu, suka ji muryar da babu, suka ga hawayen da ba a zana ba.

Saboda haka sabon fenti ba zai wadatar ba. Da kamfanin, wanda ya koma Square Enix, ya fitar da sabon ginin wasan mai suna Remake a 2020, birnin Midgar kaɗai ya ɗauka, wanda a da ake gama shi cikin awa biyar ko shida, ya mai da shi wasan awa talatin da ɗoriya. Yanzu kana ɗaga kai daga unguwar talakawa ka ga faifan ƙarfen da masu kuɗi ke zaune a kai ya tare rana, ga kamfanin Shinra yana zuƙe ran ƙasa don samar da lantarki. An gina birnin daidai girman da yake da shi a ran masu tuna shi. A ganina wannan ne sirrin abin.

Sai dai mai rushe gidan gado ya sake shi da bulo ya san dangi za su zo duba zaure, ko yana inda yake. Yoshinori Kitase da Tetsuya Nomura, waɗanda da su aka yi na farko, sun sauya salon faɗa ya koma na gaggawa, amma sun bar waƙoƙin Nobuo Uematsu, an dai sake kaɗa su. Da zarar sautin ya tashi, magidanci ɗan shekara arba'in ya san ya iso gida. Inda suka taɓa labarin kuwa, har yau ana musu, kuma ina ganin masu ƙorafin suna da hujja.

Duk da haka taɓawar ce ta sa mutane ɗokin kashi na biyu, Rebirth, a 2024. Duk wanda ya buga na farko ya san Sephiroth, abokin gabar su Cloud, ya kashe abokiyar tafiyarsu Aerith a ƙarshen faifan farko, kuma an shekara da shekaru ana yaɗa jita-jitar wata ɓoyayyiyar hanyar dawo da ita, wadda babu ita. Bayan shekara 27, waɗancan yaran sun sake kama hanya zuwa wurin, wannan karon ba su san abin da zai faru ba.