Yadda Ake Sauya Fanel ɗin Jita Mai Lasifika

A makarantu da majami'u da yawa, in aka buɗe ɗakin ajiya ba wuya a tarar da jita a jingine a lungu, ƙura ta lulluɓe ta, an ce ta mutu. In ka kaɗa ta da hannu za ta amsa da muryarta mai daɗi, amma da zarar an haɗa ta da lasifika sai shiru, ko kuwa ta riƙa ƙugi kamar an tsokani zuma. Katakonta lafiya, wuyanta a miƙe. Abin da ya lalace shi ne ɗan akwatin nan baƙi da ke manne a gefenta, mai maɓallan ƙara sauti da ragewa. A cikinsa akwai allon lantarki wanda masu gyaran rediyo suke kira fanel. Kuɗin sabon fanel bai kai na sabuwar jita ba ko kusa, aikin sa shi kuma bai fi ƙarfin ɗalibin aji biyar mai natsuwa ba. Mu a Gumel wannan ba ƙaramin zance ba ne, gama tsakaninmu da Kano kimanin kilomita 120 ne, kuma ba kowace shekara makaranta take samun kuɗin kayan kiɗa ba.

Kafin mu ɗauki sukudireba, ya kamata mu san aikin da fanel yake yi. Jitar lantarki iri biyu ce. Akwai mai daskararren jiki, wadda ba ta da rami a ciki, tana kama motsin tsirkiya ta hanyar maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Kamfanin George Beauchamp da Adolph Rickenbacker ya fara sayar da jita mai irin wannan maganaɗisu a Amurka a 1932. Ta biyun ita ce jitar katako mai rami, wadda aka ƙara mata kayan lantarki don a ji ta a babban zaure. Ita ce muka fi gani a hannun ƙungiyoyin mawaƙa, ita ce kuma muke magana a kanta.

A kan fuskar jita akwai guntun katako inda tsirkiyoyi shida suke ɗaure. Masu garaya da goge suna kiran abin da tsirkiya take hawa jaki, mu ma haka za mu kira shi. A tsakiyar jakin an tsaga siririn rami, an dasa wani farin abu na ƙashi ko roba, wanda za mu kira sirdi. Ƙarƙashin sirdin nan, inda ido ba ya gani, akwai ɗan tsinke mai suna fiyezo. A 1880 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa akwai duwatsun da in aka matsa su suna fitar da lantarki kaɗan. Kowa ya taɓa ganin wannan a laitar da ake dannawa ta yi ƙas ta ba da tartsatsi. To, duk sa'ad da tsirkiya ta girgiza, sirdi yana danna fiyezo yana saki: sau 82 a daƙiƙa ɗaya in tsirkiya mafi kauri ce, sau 330 in mafi siranta ce. Kamfanin Ovation, wanda Charles Kaman mai ƙera jirage masu saukar ungulu ya kafa, shi ya yaɗa wannan dabara a jita a farkon shekarun 1970.

Amma lantarkin fiyezo ba shi da ƙwari. In aka tura shi kai tsaye cikin doguwar waya, sautin yakan fito siriri, ba nauyi. Aikin fanel shi ne ya karɓe shi, ya ƙarfafa shi da taimakon batir mai bolt 9, ya ba mai kiɗa damar daidaita kauri da kaifin sauti, sa'an nan ya miƙa shi ga soket, watau kafar da ake cusa wayar lasifika.

Kada a yi gaggawar sayen fanel. A ganinmu, da yawa daga jitocin da ake cewa sun mutu, laifin ba na fanel ba ne. A fara da batir. Sabo yakan nuna bolt 9 da ɗan ɗoriya a mita. In ya sauko wajen 7 sauti yakan fara tsagewa. A duba bakin ma'ajin batir, ko ruwan tsohon batir ya zuba ya bar farin gari ko tsatsa. In haka ne a kankare da samfefa mai laushi, a goge da auduga da sifirit. Sai a gwada wata wayar lasifika dabam, domin waya ita ce ake takawa, ita ake fizga. Maɓallan da ke ƙaraf-ƙaraf in an motsa su, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta shige su, kuma in aka yi ta kai su sama da ƙasa sau ashirin ko talatin sukan washe.

In duk wannan bai yi ba, akwai gwaji ɗaya da zai raba gardama. A rage ƙarar lasifika, a zura hannu ta bakin jita a zare ɗan fulogin fiyezo daga jikin fanel, a taɓa wurin da ya fito da tsinin ƙaramar sukudireba. In lasifika ta yi ƙugi, fanel yana da rai, fiyezo ne ya lalace. In ba a ji kome ba, alhali batir sabo ne, waya da soket kuma lafiya, to fanel ya tafi. Wannan gwaji ba shi da haɗari domin bolt 9 ne kawai a cikin jita. Akwatin lasifika kuwa wani abu ne dabam. Wutar gida ce mai bolt 230 take shiga cikinsa, kuma yana iya riƙe wuta ko bayan an zare shi daga bango. Ɗalibi kada ya buɗe shi.

Wajen saye ne aka fi yin asara. Fanel ba kamar batir ba ne da kowanne yake shiga ko'ina. Kowane iri yana da girman ramin da aka yanka masa a gefen jita, bayansa kuma a lanƙwashe yake daidai da ƙugun jitar. A kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis za a iya samun batir da waya da dalma, amma fanel sai an aika Kano, kasuwar Sabon Gari, ko Alaba ta Legas. Saboda haka wanda za a aika ya tafi da tsohon a aljihu. In ba zai yiwu ba, a ɗora takarda a kan ramin a zana shi da fensir, a auna tsawo da faɗi da rula a milimita, a nuna wuraren sukurori huɗu. In dole ne a zaɓa tsakanin wanda ya ɗan fi ramin girma da wanda ya gaza shi, a ɗauki babban. Rami ana iya faɗaɗa shi da magagari a hankali, amma katakon da aka riga aka yanke ba ya dawowa. Yawancin fanel masu sauƙin kuɗi ana sayar da su tare da fiyezonsu da soket ɗinsu, kuma ya fi kyau a sauya duka ukun lokaci ɗaya, gama an yi su ne don juna.

Ranar aiki a shimfiɗa bargo a kan tebur, a tanadi ƙaramin kwano na zuba sukurori. A cire batir. A sassauta tsirkiyoyi duka, kowace kaɗan-kaɗan, domin jan da suke yi wa jaki ya kai kimanin kilo 70. Sa'an nan a zare turaku shidan da suke riƙe da su, ta hanyar turo su daga ciki da yatsa ko da kwabo. Filaya tana cin jikinsu. Kafin a taɓa ko waya ɗaya, a zana yadda suke a takarda ko a ɗauki hotonsu da wayar hannu. Kwance fanel ɗin kansa ba wuya: sukurori huɗu, sai ya fito. Soket yana da noti a waje. A kwance shi a tura soket ɗin ciki, a fito da shi ta bakin jita. Wajen sa sabon, hannun babba ba ya kaiwa ƙarshen cikin jita. Dabarar ita ce a zura zare mai ƙarfi ta kafar daga waje, a fito da shi ta baki, a ɗaura shi a soket, a jawo a hankali har ya leƙo. Kafar kimanin milimita 12 ce. A ɗaure notin sosai, domin in soket yana juyawa, wata rana zai murɗe wayoyinsa ya tsinke su.

Yanzu mun zo inda aikin yake ci ko ya faɗi, watau fiyezo. A ɗaga sirdi da yatsu, a sa masa alama da fensir a gefen tsirkiya mai kauri don kada a juya shi wajen mayarwa. Za a ga tsohon tsinken a kwance, wayarsa ta bi ta wata 'yar kafa ta shiga ciki. A zare shi, a share ramin tas. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ɗaga gefe guda, mu kuwa yashi ba baƙonmu ba ne a ƙasar nan, daga Gagarawa har Sule Tankarkar. A kwantar da sabon tsinken, kada a lanƙwasa shi, kada a sa masa gam, a tabbata ya kai ƙarƙashin tsirkiya ta farko da ta shida.

Fiyezo ba ya jin sauti ta iska kamar makirfo, nauyin da aka ɗora masa kaɗai ya sani. In gindin sirdi bai kwanta daidai ba, tsirkiyar da ta fi danna shi za ta yi ta ihu a lasifika, wata kuma da ƙyar za a ji ta. Mutane da yawa in sun ji haka sai su ce an sayar musu da jabun fanel, alhali sirdi ne. A ɗora gindinsa a kan gilashi a duba ta wajen haske. In haske yana ratsawa, ba daidai yake ba. A shimfiɗa samfefa a kan gilashin, a riƙe sirdin a tsaye cak, a goga shi gaba da baya har alamar fensir da aka shafa a gindin ta goge baki ɗaya. Sirdin ya shiga raminsa ba tare da an buga shi ba, kada kuma ya yi lako-lako. In ya matse ƙwarai, bangon ramin ne zai ɗauke nauyin, fiyezo ya zauna a banza.

Akwai lissafi kaɗan a nan wanda 'yan aji uku za su gane. In sabon tsinke ya fi tsohon kauri, tsirkiyoyi za su ɗaga, yatsun mai kiɗa su sha wuya. Ana auna tsayinsu a kan ƙarfe na 12 na wuyan jita, wanda yake daidai tsakiyar tsirkiya. Tazarar da ta dace wajen milimita 2.5 ce ga mai kauri, milimita 2 ga siririya. Da yake ƙarfen a tsakiya yake, in ana so tazarar ta ragu da rabin milimita, sai an rage milimita ɗaya cur a gindin sirdi. A rage kaɗan a gwada, a sake ragewa.

Fanel na zamani yawanci fulogi ne kawai ake cusawa, ba sai an narka dalma ba. In soket ya bukaci liƙi, yana da ƙafa uku: ɗaya ta sauti, ɗaya ta ƙasa, ta ukun kuma ta batir. A bi zanen da ke cikin kwalin. A ɗumama ƙafar da wayar tare, sa'an nan a kawo dalma ta narke a kansu, daƙiƙa biyu ko uku. Liƙi mai kyau yana da santsi, ya rungume wayar. Wanda ya dunƙule kamar ƙwallo zai saki. Wanda bai taɓa yi ba ya kai wa mai gyaran rediyo wannan ɓangaren kaɗai, ya tsaya ya kalla. Bayan liƙi a wanke hannu da sabulu, gama dalma guba ce.

Kada a ɗaure kome tukuna. A sa batir, a haɗa lasifika, a ƙwanƙwasa sirdi da farce daga wannan gefe zuwa wancan. Kowane wuri ya ba da ƙara iri ɗaya. In ya yi, a tattara wayoyin ciki a maƙale su a jikin katakon gefe da 'yan maƙalan da suka zo a kwalin, domin wayar da aka bari tana lilo za ta riƙa bugun katako, lasifika kuwa ba ta ɓoye kome. Sukurorin fanel a ɗaure su da yatsu biyu a kan sukudireba. Katakon gefen jita bai fi milimita 2 zuwa 3 ba, in aka matsa sai sukurun ya cinye mazauninsa. In an tarar tsohon mazaunin ya riga ya buɗe, a cusa tsinken ashana da ɗigon gam na kafinta, a bari ya bushe. Daga nan a mayar da tsirkiyoyi, a ja su daidai, a kaɗa su ɗaya-ɗaya ana saurare.

Abin da ya kashe tsohon fanel zai kashe sabon in ba a kula ba. Ƙafa ta ukun nan ta soket ita ce makunni: muddin wayar lasifika tana cuse a jita, batir yana ci, ko lasifikar a kashe take. A zare ta bayan kowane gwajin waƙa. In za a tafi dogon hutu a cire batir gaba ɗaya, domin zafin bazara yana sa shi yoyo, ruwansa kuma yana cin siraran hanyoyin tagulla da ke kan fanel. Masu ƙera jita suna so ta zauna inda laimar iska take kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, amma a hunturunmu takan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako yana tsukewa, jaki ya ɗan canja siffa, sai a ji tsirkiya ɗaya ta yi ƙasa a lasifika a watan Janairu alhali lafiya take a Agusta. Maganinsa a ajiye jita cikin jakarta, tare da soso mai ɗan danshi a cikin robar sabulu da aka huhhuda, a riƙa jiƙa shi sau biyu a mako har iska ta juyo.